Me Mai Nazarin Jama'a Zai Yi a Aikin Kare Kifi da Namun Daji?

Wani ɗalibi mai karatun ilimin zamantakewar ɗan Adam ya rubuto cewa an ba shi gurbi a wata tawagar bincike kan kare kifaye da namun daji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tambayarsa ita ce: "Malam, wannan ba aikin masana dabbobi ba ne? Ina amfanin irinmu a ciki, kuma me ake yi takamaimai idan an fita fagen bincike?"

Ƙanena, karɓi wannan dama hannu bibbiyu. Gurbinka ne, kuma ya daɗe a buɗe yana jiran mai cika shi.

Duba kowace doka da aka taɓa kafawa don kare wata dabba. An hana jefa koma a watannin da kifi ke zuba ƙwai. An hana raga mai ƙananan idanu. An hana ɗana tarko a cikin gandu, an hana sa guba a mushen saniya don a kashe zaki. Dukkan dokokin nan a kan mutum suke sauka, mutum mai iyali, mai bashi a wuya, mai shugaban da yake jin maganarsa. Masanin dabbobi zai iya gaya mana nawa suka rage da irin saurin da suke raguwa. Amma wa ke kamawa, nawa yake kamawa a ɓoye, me ya tura shi, me zai ci idan ya bari, wace irin doka ce zai bi ko da ba mai kallonsa, waɗannan duka tambayoyi ne da sai da bincike mai tsari ake samun amsarsu, kamar yadda sai da tsari ake ƙirga dabbar kanta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na rukunonin kifin teku da take bibiya ne ake kamawa fiye da ƙima, a 2021 kuwa sun kusa kashi 38. A duk tsawon shekarun nan ilimin ƙirga kifi gaba ya yi ta yi. Inda aka tsaya cik shi ne fannin da kai ka karanta.

Sai dai kafin ka buɗe baki ka tambayi kowa komai, ka fara fahimtar aikin abokan tafiyarka. Nasu yakan soma tun da asuba a bakin ruwa, inda kwale-kwale ke sauke kamu. Ɗaya na riƙe da sikeli. Ɗaya na durƙushe gaban wani dogon katako mai alamar awo, yana ɗora kifi ɗaya bayan ɗaya, bakin kifin ya tokare ƙarshen katakon, ya faɗi tsawon da ƙarfi, na uku ya rubuta. Masunci kuwa yana tsaye a kansu yana so su yi sauri, domin masu saye na jira kuma rana na ɗagawa. Lokaci-lokaci sukan sayi 'yan kaɗan su farke cikinsu su ga ko sun isa yin ƙwai. A cikin kan kifi akwai wani ɗan ƙaramin farin ƙashi da idan aka yanka shi aka duba da madubin ƙara girma za a ga zobe-zobe a jikinsa, da su ake ƙiyasta shekarunsa. Idan shekara bayan shekara kifin da ake saukewa yana ƙara gajarta, kuma mafi yawansu ba su taɓa yin ƙwai ba, to an fara cin iri.

Ƙirga abin da ke ƙarƙashin ruwa ko cikin duhun daji kuwa da dabara ake yi. Ɗauka an kama kifi 200, an sa musu alama, an mayar da su. Bayan sun gauraya da sauran aka sake kama 150, aka ga 30 na da alama, wato ɗaya cikin biyar. Ke nan 200 ɗin farko ɗaya bisa biyar ne na duka, kifin wajen zai kai kimanin 1,000. Wannan lissafi ya girmi shekara ɗari. A shekarun 1990 wani masani ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya ɗauko shi ya ɗora a kan babbar damisar ƙasarsu mai ratsi-ratsi, a gandun Nagarahole. Ya kafa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta, kuma tunda babu damisa biyu masu ratsi iri ɗaya, ratsin ya zama alamar. Kafin wannan, da sawun ƙafa ake ƙirga su, hanyar da ke ba ma'aikaci damar rubuta adadin da zai faranta wa na sama da shi rai. Haka aka yi ta rubuta cewa akwai damisa a gandun Sariska har zuwa 2005, lokacin da aka tabbatar ko ɗaya ba ta rage ba. Ka lura, ko a nan ma halayyar mutum ce ta ɓata ƙidayar: ma'aikacin da ya san za a hukunta shi idan adadi ya ragu ba zai rubuta raguwa ba.

Akwai kuma wani ma'auni da kowa ke so saboda sauƙinsa, wato yawan kifin da ake samu a kowace fita ko kowace jan koma. Idan yana nan yadda yake, sai a ce kifi na nan lafiya. Wannan ma'auni yana da hannu a ɗaya daga cikin manyan masifun da aka gani a tarihin kamun kifi, kuma ina so ka san labarin da kyau, domin a ganina shi ne hujjar farko ta kasancewarka cikin tawagar nan.

A tekun da ke gabashin Kanada, kusa da tsibirin Newfoundland, an yi kusan shekara 500 ana kama kifin kod. A 1968 manyan jiragen ƙasashe daban-daban suka kwashe sama da tan 800,000 a shekara guda. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200, ta kori baƙin jirage, ta ɗora wa masananta aikin ƙiyasta kifin da ya rage da adadin da za a kama. Masanan ƙwararru ne, suna da jiragen bincike da kwamfuta. Amma wani babban ɓangare na lissafinsu ya dogara da kamun manyan jiragen kamfanoni, su kuwa waɗannan jirage suna da na'urar gano inda kifi ya taru. Kod kifi ne mai cunkusuwa wuri guda. Ko da ya ragu ƙwarai, ragowar sukan haɗu a 'yan wurare, jirgi ya same su ya cika cikinsa kamar da. Sai takarda ta riƙa nuna komai lafiya. A daidai wannan lokaci, tsakiyar shekarun 1980, ƙananan masunta na bakin gaɓa, masu kafa tarkon raga a wuraren da kakanninsu suka kafa, suna ta kuka cewa kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne. Su ba sa bin kifi, kifi ne ke zuwa ya same su, saboda haka tarkonsu ya fi jirgin kamfani faɗin gaskiyar abin da ke cikin teku. Har ƙungiyarsu ta ɗauko masanan da ba na gwamnati ba suka sake duba lissafin gwamnati a 1986. Aka ɗauki maganarsu a matsayin ƙorafin mutanen da ba su iya lissafi ba. Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan harkokin kamun kifi, John Crosbie, ya sanar da rufe kamun kod na arewa, wato babban rukunin kod na wannan teku, gaba ɗaya. Kimanin mutum 30,000 suka rasa abin yi. An ce rufewar ta shekara biyu ce, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma ɗan kaɗan.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne bayanin da zai iya rage ɓarnar yana nan a bakin mutane, a fili, kyauta, shekaru kafin rufewar. Babu dai wanda aikinsa ne ya tattara shi bisa tsari, ya rubuta wane tarko, a wane wuri, nawa ya kama bana da bara da bariya, ya miƙa shi a siffar da masu lissafi ba za su iya kawar da kai ba. Daga baya masana zamantakewa irin su Barbara Neis ta Jami'ar Memorial suka zauna da masuntan suka yi wannan aiki, suka nuna irin zurfin abin da suka sani game da inda kifi ke ƙwai da hanyoyin da yake bi. Amma a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A arewacin Alaska an yi makamancin haka, sai dai ƙarshen ya yi kyau. A 1977 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da farautar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayar da 'ya'yanta, ta hana mutanen Inupiat farautar nau'in da suka dogara da shi tun kaka da kakanni, bisa ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su wuce 2,000 ba. Masu ƙidayar a bakin ƙanƙara suke tsayawa suna ƙirga waɗanda suka gifta ta buɗaɗɗen ruwa. Maharban suka ce ƙidayar ta yi kaɗan ƙwarai, domin dabbar tana tafiya ta ƙarƙashin ƙanƙara, tana fasa ta da kai ta shaƙi iska, wasu kuma can nesa suke bi inda ido ba ya kaiwa. Wani dattijo cikinsu, Harry Brower, ya ɗauki shekaru yana nuna wa masanan wannan. Aka zura na'urorin sauraro cikin ruwa, sai ga kukan dabbobin yana fitowa daga inda ba a ga ko ɗaya ba. Aka gyara hanyar ƙidayar. Ƙiyasin 2011 ya haura 16,000, kuma farautar na ci gaba bisa ƙayyadadden adadi da maharban da kansu ke sa ido a kai.

Kada ka ɗauki wannan ka ce duk abin da masunci ko maharbi ya faɗa ya zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma shi ma yana mantuwa, yana da abin da yake karewa, yana kuma iya gaya maka abin da ya ga kana son ji. Abin da ya yi kyau a Alaska shi ne an ɗauki maganar maharba da muhimmancin da ya isa a gwada ta. Akwai ma wata mantuwa da ba laifin kowa ba ce, wadda masanin harkar kamun kifi Daniel Pauly ya ja hankali a kai a 1995: kowane zamani yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar yana yaro a matsayin yadda abin yake tun asali, sai raguwa ta yi ta tafiya ba wanda ya ji zafinta duka. Wani bincike da aka wallafa a 2005 kan masunta a mashigin tekun Kalifoniya da ke Meziko ya tambayi tsofaffi da matsakaita da matasa, sai tsofaffin suka lissafa nau'o'in da suka ƙare ninki biyar na abin da matasan suka ambata. Saboda haka idan kana tambayar yadda ruwa yake a da, ka rubuta shekarun mai amsa da shekarar da ya fara sana'a, kuma ka nemi tsofaffi tun suna nan.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi wuya, wanda kuma a nan ne ƙwarewarka za ta fito. Mafi yawan abin da ake buƙatar sani abu ne da doka ta hana. Ka iso da mota mai tambarin hukuma, da takarda a hannu, ka tambayi mutum ko ya shiga gandu ya yi farauta bana. Me kake tsammani zai ce? Tun 1965 wani masanin lissafi, Stanley Warner, ya fito da hanyar da mutum zai faɗi gaskiya ba tare da ya tona wa kansa asiri ba, kuma masu aikin kare dabbobi sun ɗauke ta. Ga yadda wani salo nata yake. Ka zo da 'yar jaka mai duwatsu shida a ciki, huɗu farare, ɗaya baƙi, ɗaya ja. Ka miƙa wa mai amsa, ka juya masa baya. Ya zura hannu ya zaro ɗaya, ya duba, ya mayar, kai ba ka gani ba. Idan fari ne, ya amsa tambayar da gaskiya. Idan baƙi ne, ya ce "e" ko da bai taɓa yi ba. Idan ja ne, ya ce "a'a" ko da ya yi. To idan ya ce "e", ba kai ba, ko alƙali ba zai iya cewa ya amsa laifi ba, domin wataƙila baƙin dutse ya zaro. Amma idan ka tambayi mutum 600, ka san kimanin 100 baƙi suka zaro, 100 ja, 400 fari. Idan jimillar masu "e" ta kai 180, ka cire 100 na dole, saura 80 cikin 400, wato kashi 20 cikin 100 suna farautar. Ka sami adadin, kuma ba ka san sunan mutum ɗaya ba. An yi amfani da wannan hanya da 'yan'uwanta wajen gano yawan manoman da ke kashe namun daji masu cin dabbobinsu a Afirka ta Kudu, da yawan gidajen da ke farauta a kewayen Serengeti a Tanzaniya. Tana da sharaɗi: sai ka yi gwaji da tambaya marar nauyi sau biyu ko uku har mutum ya gane da kansa cewa jakar na kare shi. Idan ka yi gaggawa, zai ɗauka wani sabon tarko ne, ya ce "a'a" ko wane dutse ya zaro.

Sanin yawan masu yi rabin aiki ne, saura dalili. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin sau da yawa yana can wani wuri da mai gadin gandu ba zai taɓa kallo ba. A 2004 Justin Brashares da abokan aikinsa suka wallafa nazarin bayanan kusan shekara 30 daga Gana, inda suka haɗa ƙidayar da ma'aikatan gandun daji shida suka riƙa yi da bayanan kamun kifi da na kasuwanni. Sai ya fito cewa a shekarun da kifin teku ya yi ƙaranci, mafarauta sukan ƙaru a cikin gandu, naman daji ya ƙaru a kasuwa, dabbobi su ragu da sauri. Wato abin da jiragen kamun kifi ke yi a teku yana isa har kan dabbar da ke ɗaruruwan kilomita a cikin ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai ƙara masu gadi da bindigogi, ya yi mamakin da bai ga canji ba.

Haka batun zaki a yankin Amboseli na Kenya. Wata mai bincike, Leela Hazzah, ta zauna cikin makiyayan Masai tana neman sanin me ya sa samarinsu ke kashe zaki. Ramuwar gayya kan shanun da aka cinye tana ciki, neman suna da martabar jarumta ma tana ciki. Da wannan sani aka kafa wani shiri a 2007 da ya ɗauki su waɗannan jarumai aiki. Su ne ke bin sawun zaki, su sa masa suna, su gargaɗi makiyaya kada su nufi inda yake, su nemo dabbobin da suka ɓata kafin dare, su taya gyara shingen garke. Martabar da ake samu da mashi ta koma ana samunta da sanin inda zaki ya kwana. Kashe zaki ya ragu sosai a wuraren da shirin ke aiki. Wanda bai zauna da mutanen ba, iyakar abin da zai kawo shi ne biyan diyyar saniya, ita kuwa diyya idan ta makara, ko aka sa makiyayi zirga-zirgar kawo shaida, ƙarin haushi take jawowa.

Ungulayen Indiya ma sun nuna yadda fannonin biyu ke miƙa wa juna aiki. Daga shekarun 1990 wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 likitocin dabbobi suka gano sanadin: maganin ciwo da kumburi mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta mutu. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana na dabbobi. Masu bincike suka ci gaba da zagaya shagunan magani suna neman maganin saniya kamar kowane makiyayi, sai suka tarar ana miƙo musu manyan kwalaben da aka yi don mutane. A 2015 Indiya ta taƙaita kwalbar mutane zuwa mililita 3, yadda yi wa saniya allura da ita zai zama wahala da tsada. Ɗakin gwaje-gwaje ne ya gano gubar, amma ƙofar da ta rage a buɗe sai da aka shiga kasuwa aka ganta.

Daga nan sai babbar tambaya: wa zai kafa doka, wa zai tsare ta? A 1968 wani masanin halittu, Garrett Hardin, ya yaɗa ra'ayin cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai ɗiba kafin ɗan'uwansa ya riga shi, mafita kuwa sai gwamnati ta karɓe ko a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane. Gwamnatoci da yawa suka yi aiki da wannan, suka ture tsare-tsaren da al'ummomi ke da su. Wata masaniyar kimiyyar siyasa, Elinor Ostrom, ta bi ta hanyar da ta fi wahala, ta tattara rahotannin waɗanda suka je suka gani da ido, daga wuraren kiwo da dazuzzuka da madatsun ruwa da wuraren su, tana neman me ya bambanta inda tarayya ta ɗore da inda ta rushe. Wannan aiki ya sa ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Ɗaya daga cikin misalan da ta yi amfani da su, daga binciken Fikret Berkes, shi ne na masunta kimanin 100 a Alanya da ke Turkiyya. Sun yi ta rikici kan wuraren da suka fi kifi, har suka tsara abin da ya fisshe su. Suka lissafa wuraren kafa raga, kowane Satumba a yi ƙuri'a kowa ya sami wurin farawa, sannan kullum kowa ya matsa zuwa wuri na gaba, gabas daga Satumba zuwa Janairu, yamma bayan nan, daidai da tafiyar kifin. Kowa zai sami ranarsa a wuri mai kyau, kuma wanda ranarsa ce shi zai fi kowa sa ido kada wani ya shigar masa. Tsaron dokar yana cikin ginin dokar.

A Filifin akwai tsibirai biyu da suka zama kamar gwajin da aka shirya. Masanin halittun ruwa Angel Alcala ya taimaka aka keɓe wani yanki na tekun da ke kewaye da tsibirin Sumilon a 1974 aka hana kamun kifi a ciki. Kifi ya ƙaru. Amma kariyar ta dogara da jami'ar da Alcala ke aiki a cikinta da yardar hukumar yankin, da siyasar yankin ta juya a 1984 aka afka wa wurin, ribar shekara goma ta tafi cikin ɗan lokaci. A tsibirin Apo kuwa an ɗauki shekaru ana zama da mazauna kafin su da kansu su keɓe wani ɗan yanki a 1982, su ke gadi, su ke hukunta mai karya doka. Wannan ya ɗore shekaru da dama, kuma awon da Alcala da Garry Russ suka yi ta yi ya nuna manyan kifaye suna ƙaruwa a ciki har suna malalowa wuraren da aka yarda a yi su. Ilimin halittar iri ɗaya ne a tsibiran biyu.

Akwai wata ɗabi'a da za ka tarar a tawagogi da yawa, kuma ina roƙonka ka ƙi ta cikin ladabi. Sai an gama yanke shawara, an zana iyakar gandu a taswira, sannan a kira mai nazarin jama'a a ce je ka wayar musu da kai. Wannan yana ɗauka cewa jahilci ne ke sa mutane ɓarna, alhali masuncin da ke amfani da raga mai ƙananan idanu yakan fi kowa sanin cewa tana kashe 'ya'yan kifi. Bashin mai jirgi ne a kansa, ko ya ga maƙwabcinsa na yi ba abin da ya same shi, ko babban kifin ya riga ya ƙare. Wa'azi ba ya biyan bashi. Ka nemi a sa ka tun ranar da ake tsara tambayoyin binciken, domin abin da za ka gano yana iya canza inda za a ja layin, da watan da za a rufe, da wanda za a ba amanar tsaro.

Wajen zaɓen waɗanda za ka tambaya, kada ka tsaya kan waɗanda shugaban gari ya tara maka. Mafi talauci, baƙi masu zuwa su na ɗan lokaci, da waɗanda ba sa shiri da shugabanni, su ne suka fi dogara da ruwa da daji, su ne kuma ba a kira taro. Mata ma haka. Wani babban nazari da hukumar abincin nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da abokan aikinta a 2023 ya ƙiyasta cewa ƙananan masunta ne ke kawo aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, kuma kusan huɗu cikin goma na masu wannan harka mata ne. Su ke tsintar abin da ke bakin gaɓa, su ke gyarawa da busarwa da sayarwa, sau da yawa su ke ba da jarin fita. Matar da ke sayen kifi kullum ta san girmansa da farashinsa na shekaru, amma ƙidayar da ke tsayawa kan jirage ba ta ganinta. Idan al'adar wurin ba ta ba ka damar zama da su ba, tawagar na buƙatar mace mai bincike, kuma kai ne za ka faɗi haka tun kafin a fita. Ka kuma koma wuri ɗaya a lokuta daban-daban na shekara, domin amsar da mutum zai ba ka lokacin wadata daban take da ta lokacin da abinci ya yanke.

Sai amana. Mutum zai gaya maka abin da zai iya kai shi kurkuku. Tun farko ka bayyana masa ko kai wane ne, wa ya aiko ka, me za a yi da maganarsa, kuma yana da ikon ƙin amsawa ko tashi a tsakiya. Kada ka rubuta suna a takardar da amsoshi ke ciki, ka sa lamba. Kada ka ɗauki hoton fuska tare da haramtaccen kamu. Kyamarorin da abokan aikinka suka kafa don dabbobi za su ɗauki mutane ma, to a yanke tun kafin a kafa su wa zai ga waɗannan hotuna da abin da za a yi da su. Wata rana wani jami'in tsaron gandu, mai kyakkyawar niyya, zai ce ka ɗan nuna masa su waye. Ka ƙi, ka kuma sa shugaban tawagar ya san matsayinka tun kafin ranar ta zo. Idan sunan mutum ɗaya ya fita ta hannunka, kai da duk mai binciken da zai zo bayanka kun rasa wannan yanki, mutumin kuma shi zai ɗauki hukuncin.

Idan an gama nazari, kafin rahoto ya tafi ofis, ku koma wurin mutanen da harshensu ku karanta musu abin da kuka samu, har da zanen da ke nuna yadda tsawon kifi ya ragu, har da kason masu farauta da jakar duwatsu ta fitar. A irin wannan zama wani zai miƙe ya ce watan da kuka rubuta na zuba ƙwai ba shi ba ne a wannan gefen ruwan, ko ya ce kun manta da masu zuwa da dare daga ƙetare. Ka rubuta gyaran, ku bincika shi, idan ya tabbata ya shiga rahoton tare da bayanin cewa daga wurinsu ya fito.